Batirin da Ya Kama Wuta a Aljihuna

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata biyar ke nan ban ce uffan a nan ba. Masu tambayar ina Habu kafinta ya shiga, ga ni, da ƙafata biyu. Akwai kuma wanda na zalunta, shi ya sa na zauna rubutun nan.

Ni da Sale tare muka koyi aikin rufin kwano a Gumel. A bazarar da ta wuce muka nemi rufin wani gida a Ɗanzomo, aka ba ni, ba a ba shi ba. Tun daga ranar nake kallon gaisuwarsa da wata fassara.

Ina da injin huda katako mai batir, na saya a kasuwar Maigatari. Batirin ya taɓa faɗowa daga saman rufi, ya tsage, ya ɗan kumbura. Na yi masa abin da muke yi wa komai, na naɗe shi da robar tayar mashin. Cajarsa ta lalace, na samu wata da bakinta ya shiga, shi ke nan. A shagon Sale nake caji, don shi ke da sola.

Ranar da zan tafi Ɗanzomo ya miƙo mini shi, ya ce, "Habu, wallahi batirin nan sai ya ƙone ka."

Na ce, "Bakinka ya sari ɗanyen kashi."

Da azahar ina dawowa a kan mashin, rana kamar ta dafa mutum, batirin yana aljihun rigata. Na ji ɗumi a cinya, na ce rana ce. Sai wari, sai hayaƙi. Kafin in tsaya wuta ta kama rigar. Na faɗi na yi ta birgima a yashi, wasu Fulani masu kiwo suka yaga rigar suka jefar.

Ko a lokacin, ina ihu, maganar Sale kawai nake ji a kunnena.

Ban je asibiti ba. Me asibiti zai yi wa jifa? Aka shafa mini ɗanyen ƙwai, aka liƙa gashin zomo, na sha rubutu. Duk wanda ya zo dubiya sai na ce masa, "A shagon wa batirin ya kwana? Wa ya ce sai na ƙone?" Sale ya zo sau biyu, na ce a ce ina barci. Kunun da matarsa ta aiko, na sa aka zubar.

A kwana na tara ciwon ya fara wari, zazzaɓi ya rufe ni, ƙafar ta kumbura har gwiwa. Matata Hadiza ba ta nemi izinina ba, ta kira mota.

A asibiti likita ya buɗe ciwon, ya duba. Ya ce, "Malam Habu, da ka ƙara kwana uku, da maganar yanke ƙafa muke yi."

Aka ɗebi jini, aka sa ƙarin ruwa, allura safe da yamma. Wankin ciwo kuwa, Allah kada ya nuna wa maƙiyi. Sai da suka tsince gashin zomon nan ɗaya bayan ɗaya. Ni da nake hawa rufi ba tsani, na yi kuka kamar yaro. Na ji tsoro, tsoro na gaske. Daga baya aka tura mu Kano, aka yanko fata daga ɗaya cinyar aka rufe wurin. Ragon layya da mashin duk suka tafi a magani.

A can wani likita ya tambaye ni, "Ban da batirin, me ke cikin aljihun?"

Na ce, "Ƙusoshi mana. Ina kafinta zai sa ƙusa?"

Ya ce, "To ƙusa ce ta haɗa bakin batirin, ga shi dama a fashe, ga zafin rana."

Kun san abin da na fara tunani? Wai ko Sale ya riga ni ganin likitan. Kai, zargi ciwo ne!

Da aka sallame mu, Hadiza ta ɗauko ragowar rigar da Fulanin suka kawo, ta zazzage a gabana. Ga batirin ya narke, ga ƙusa biyu sun manne a bakinsa, irin masu hular nan da na saya da hannuna. Ta ce, "Ga mai jifan naka."

Sai kuma mai gidan Ɗanzomo ya zo dubiya. Dama na ji Sale ya ƙarasa rufin, na ce ai abin da yake nema ke nan. Mutumin ya ce, "Sale ya rufe mana kafin ruwan farko. Ya ce aikin Habu ne, shi aron hannu ya ba ka." Na rasa inda zan sa fuskata.

Na gode wa Allah, na gode wa likitoci da nas-nas, na gode wa Hadiza da ta ƙi jin maganata.

Masu aiki da injin batir, don Allah: wanda ya kumbura ko ya tsage, ku rabu da shi, roba ba ta gyara shi. Ku yi caji da cajarsa ta asali. Kada ku haɗa shi da ƙusa ko makulli, kada ku bar shi a rana. In an ƙone, a kwarara ruwa mai tsabta, a tafi asibiti ranar.

Na je ƙofar Sale da sandata. Ya amsa gaisuwa, ya ce ba komai, bai ce in zauna ba. Har yau akwai waɗanda ba sa ba shi aiki saboda bakina.

Sale ba ya hawa intanet, ƙaramar waya gare shi. Duk wanda ya ɗauki waccan maganar daga bakina ya kai wani wuri, don girman Allah ya ɗauki wannan ma ya kai ta can.