Shekara Biyu Ina Tuƙa Osofo

Aikin ya zo mini ne ta hannun matata. Tana kula da tsofaffi a gidajensu, kuma cikin waɗanda take zuwa wurinsu akwai wani tsohon fasto a McLeansville, Bature, wanda ya ba tamanin baya. Matarsa ta rasu, 'yarsa tilo tana aure a wata jiha, idonsa kuma ya yi rauni har likita ya ce ya haƙura da tuƙi. Ya daɗe da yin ritaya, amma ƙananan coci-cocin ƙauye na ɗariƙar Metodis, waɗanda ba su da fasto nasu, suna kiransa ya yi musu wa'azi ran Lahadi. Mai kai shi ne babu. Ni kuwa daga Litinin zuwa Juma'a kwalaye nake ɗagawa a wani ƙaton sito a Wendover, ran Lahadi ba ni da abin yi sai barci da kallon ƙwallo.

Kafin in amsa sai da na je wurin Alhaji, dattijon da ke jan mu salla, mu mutanen zangon Kumasi da ke Greensboro. Na zayyana masa komai. Ya tambaye ni ko ni za a sa in yi wa'azin, na ce a'a.

"To, tsoho ne ba ya gani. Ka kai shi, ka dawo da shi lafiya. Sallarka dai kada ta wuce ka."

Ranar farko na tarar da shi zaune a barandar gidansa tun kafin lokaci, ya sha kwat da nakataye, wata tsohuwar jakar fata a cinyarsa. Bakina ya riga tunanina, na gaishe shi da "Osofo", yadda muke kiran fasto a Kumasi. Ya tambayi ma'anar kalmar, na faɗa masa, ya ce daga yau sunansa ke nan. A hanya na ba shi labarin cewa firamaren Metodis na yi, domin ita ce ta fi kusa da zangonmu. A ofishin hedimasta akwai hoton wani Bature mai farin gashi har kafaɗa, mu kuwa ba ma shiga ofishin sai in za a yi mana bulala, saboda haka na taso ina ɗaukar mutumin a matsayin mai kallon bulala. Osofo ya yi dariya har da tari. Ya ce ai mutumin nan shi ne ya kafa ɗariƙarsu a Ingila, kuma saboda shi ne nake zaune a bayan sitiyari da sassafen Lahadi.

Daga ranar, kusan duk tafiyar da muka yi sai labarin mutumin ya shigo. Hanyoyin suna da tsawo, gonakin masara da na waken soya hagu da dama, jefi-jefi gida ɗaya da tarakta a gefensa. Osofo ba ya ba da labari a jere. Yau zai ce mini mutumin gajere ne, ba shi da jiki, amma ya ƙarar da rayuwarsa a kan doki, daga gari zuwa gari, yana sakin linzami ya buɗe littafi yana karatu, dokin na tafiya da kansa. Wani makon kuma ya koma yarintar mutumin, lokacin da gidansu ya kama da wuta yana ɗan shekara biyar, kowa ya fita aka bar shi a sama, sai da wani maƙwabci ya hau kafaɗar wani suka zaro shi ta taga. Ya ce ƙarfe huɗu na asuba mutumin yake tashi ya yi addu'a har ƙarshen ransa. Na ce wannan ai da a zango yake, da ladanci aka ba shi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda Osofo ya fi son ba da labarin kasawar mutumin. Ya ce mutumin yana saurayi ya ƙetaro teku ya zo Georgia, nan kudu da mu, da niyyar shiryar da mutane, amma ya ƙare da rigima da 'yan cocinsa, ya koma gida a kunyace. A jirgin ruwan da ya kawo shi guguwa ta taso, tsoron mutuwa ya kama shi, alhali wasu Jamusawa da ke cikin jirgin suna ta waƙoƙin addu'arsu hankali kwance, abin ya tsaya masa a rai shekaru. Aurensa ma bai yi daɗi ba, matar ta tafi ta bar shi. Na ce wa Osofo mu in muna ba da tarihin malaminmu, ba ma tono irin waɗannan.

"Ni su ne suka riƙe ni," in ji shi. "Sau biyu na so in bar aikin nan. In na tuna shi ma ya koma gida hannu rabbana, sai in ce bari in ƙara shekara ɗaya."

In mun isa, nakan riƙe hannunsa in kai shi bakin ƙofa, in dawo mota in kunna rediyo ko in kira gida. Sau ɗaya ya ce ko zan shigo in zauna, akwai sanyi a waje. Na ce na gode, motar ma da ɗumi. Bai sake tambayata ba.

Ban ji wa'azinsa ba sai a bazararmu ta biyu. Mun je wani ɗan coci farin fenti da maƙabarta a bayansa, wanda masu zuwansa ba su kai goma sha biyu ba, kusan duk tsofaffi. Muka tarar da su cirko-cirko a waje. Ashe matar da ke riƙe da makullin cocin ta faɗi a banɗaki da safe, motar asibiti ta tafi da ita, makullin kuma yana cikin jakarta. Wasu har sun fara komawa motocinsu. Osofo ya ce su dakata. Wani manomi ya fito da kujerun naɗewa daga bayan a-kori-kurarsa, aka jera su a kan ciyawa a inuwar wata babbar bishiya. Babu abin da Osofo zai dafa, ƙafafunsa kuma ba sa ɗaukarsa daɗewa, sai na tsaya a gefensa ya dafa kafaɗata.

Bai buɗe jakarsa ba. Ya yi musu magana ne kan duba marar lafiya. Ya ce wanda ya kafa ɗariƙarsu ba ya yarda mutum ya aika da saƙo ko abinci ya ce ya sauke nauyi, sai ya tashi ya je da ƙafarsa, ya ga fuskar majinyacin. Ya ce matar nan shekara nawa tana buɗe musu ƙofa, tana kunna musu na'urar ɗumama ɗaki kafin su zo, yau ita ke kwance. Bai fi minti goma sha biyar ba. Ni kuma ina tuna yadda malaminmu na zango yake faɗa mana ladan gaida marar lafiya. Da aka gama suka yi waƙa ɗaya, na gane karinta tun na firamare, amma na kama bakina. Sannan muka ɗunguma mota shida zuwa asibiti. Su suka shiga, ni na shimfiɗa dardumata a gefen wurin ajiye motoci na yi azahar.

A hanyar dawowa ne ya ba ni labarin da na fi tunawa. Ya ce mutumin ya taɓa komawa garinsu, cocin da mahaifinsa ya yi wa hidima shekara da shekaru, sabon faston ya hana shi mumbari. Da yamma sai ya fita maƙabarta ya tsaya a kan dutsen kabarin mahaifinsa ya yi wa'azi daga can, mutanen gari suka cika wurin. Na tambaye shi ko abin da ya tuna ke nan ɗazu. Ya ce a'a, shi dai ya ga tsofaffi sun yi wanka sun sa kayansu masu kyau, bai so su koma gida haka nan.

Da sanyi ya shigo a shekarar, ciwon huhu ya kwantar da shi. Ya tashi, amma ƙarfin bai dawo ba. 'Yarsa ta zo ta ce ba za ta sake barinsa shi kaɗai ba. Ni da matata muka taya ta ɗaure littattafansa a kwalaye, aikin da na fi kowa iyawa. Ni na kai su filin jirgi. Ya yi barci kusan duk hanyar, sai da muka tsaya ya farka, ya riƙe hannuna da hannayensa biyu, ya ce in gaida Alhaji, wanda bai taɓa gani ba. Mun yi waya sau biyu bayan haka. A ta biyu sai da 'yarsa ta yi ta tuna masa ko ni wane ne.

Bayan wata bakwai ta kira matata ta ce ya rasu cikin barcinsa. An dawo da gawarsa an binne shi kusa da matarsa. Muka je ni da matata, muka tsaya daga baya har aka gama, muka yi wa 'yar ta'aziyya. Muna shirin tafiya sai matar nan mai makulli ta biyo mu da sandarta, tana riƙe da kek a naɗe cikin takarda. Matata ta tambaye ta a hankali ko akwai man alade a ciki. Ta ce bota ce zalla, ita ta gasa da hannunta. A mota muka ci, muna komawa gida, matata tana gutsuro mini ina tuƙi.