Disk Biyu a Teburin Abdullatif

Duk wanda ya shiga kasuwar tattasai ta Diffa a wajen shekarar 2008 ya san wani siririn mutum mai furfura a gindin bishiyar bedi, da tsohuwar tafireta a kan tebur, yana buga wa jama'a wasiƙu da takardun neman aiki. Shi ne Malam Maina Kolo. In ka ce masa ai zamani ya wuce tafireta, sai ya ce shi bai san kwamfuta ba. Ƙarya yake yi. Shekara takwas ya yi yana renon wata kamar 'yar da ya haifa.

A wani ƙauye na bakin Komadugu aka haife shi, gidan manoman tattasai, kuma shi kaɗai ne a gidan aka kai lakwal, wato makarantar boko. Karatun bai yi nisa ba, sai ya tafi Damagaram ya koyo buga tafireta, ya dawo da yatsu goma masu gudu da kuma ɗan jin kai. A 1997 wani porje na Turawa ya zo ya baje fadamar ƙauyensu, ya haƙa hanyoyin ruwa, ya dasa babban injin ban ruwa, ya yanka gonaki ɗari huɗu da goma sha biyu. Aka kafa ƙungiyar manoma, aka ba Alhaji Kyari shugabanci, aka buɗe ɗan ofis a cikin garin Diffa saboda can ne ake samun wuta. Maina ya zama sakatare. A shekarar kuma ya auri Asta, 'yar Alhaji Kyari, sai shugabansa ya zama surukinsa.

Da shekara ta kewayo aka kawo kwamfuta. Injiniyan porjen, wani Bature da ba ya gajiya da shan shayi, shi ya tsara mata manhaja da hannunsa: taswirar fadama gaba ɗaya, kowace gona da lambarta, sunan mai ita, iyakokinta, da ranar da ruwa zai shiga cikinta. Ba irin manhajar da ake saye a kanti ba ce. Daga tasa kwamfutar ya zuba ta, ya koya wa Maina, bayan shekara biyu ya koma ƙasarsu bai bar ko disketi ɗaya mai ɗauke da manhajar ba. Babu wanda ya yi tunanin ya tambaye shi, saboda a lokacin ba su san abin yana tsufa ba.

Kulawar da Maina ya yi wa na'urar nan sai wanda ya gani. Daga zanen lefen Asta ya sa aka ɗinka mata riga. Ba a shiga ɗakin da takalmi. Lokacin kakar tattasai, sa'ad da ƙurar buhuna take sa duk unguwar atishawa, jiƙaƙƙen buhu yake rataye wa a taga. Matarsa kanta takan ce da ita ce take samun rabin wannan tattalin, da ta yi ƙiba.

Tattalin ya zo da girman kai. In manoma biyu suka kawo rigimar iyaka, Maina ba ya barinsu su gama magana. Sai ya juyo musu da fuskar kwamfutar ya ce, "Bakin mutum yana juyawa, ordinatar ba ta juyawa." Har yara suka haddace maganar. Wata rana wani tsoho, Ɗanbaba, ya zo da shaidu uku, ya ce iyakarsa ta kai gindin tsamiya tun zamanin kakansa. Maina ya danna, ya duba, ya ce, "Baba, a nan ba ka da tsamiya." Tsohon ya fita yana share ido da gefen rawaninsa. Bayan wannan ne taron ƙungiya ya yanke cewa daga yau ba a karɓar shaidar baki a kan gona, sai abin da na'ura ta nuna. Maina ne ya kawo shawarar, shi ya buga ta, ya sa aka yi mata gilashi aka rataye a bangon ofis.

Sannan abubuwa suka fara zubewa ɗaya bayan ɗaya. Komadugu ta yi ambaliya ta cinye takardun da ke ma'ajin ƙauye. Porje ya nannaɗe tabarmarsa. Injin buga takarda na kwamfutar ya mutu, aka rasa irinsa. Sai ya zama duk fadamar nan, da mutanenta da rigingimunta, tana zaune a cikin wani ɗan ƙarfe da bai kai tafin hannu biyu ba, wanda ake kira disk.

A cikin ɗan ƙarfen nan har da gona mai lamba saba'in da uku, wadda take bakin babbar hanyar ruwa, inda ruwa yake fara sauka. Ta mijin Tabawa ce, ƙanwar Maina. Da ciwo ya ci ƙarfin mutumin, ya sa aka kawo shi ofis a amalanke, ya ce ya ba matarsa gonar kyauta saboda 'ya'yansu mata ne huɗu, ya kuma san halin 'yan'uwansa. Maina ya goge sunan mutumin ya sa na Tabawa. Mijin ya rasu a 2004, kuma tun ba a share makoki ba wansa Yusuf ya fara zagaya gonar yana auna ta da ido.

A farkon 2006 disk ɗin ya soma ƙara, ƙwas, ƙwas, ƙwas, kamar kaza tana tsattsagar tire. Sai an kunna sau uku kafin kwamfutar ta tashi. A makon ne kuma Yusuf ya kai ƙara, aka sa taro bayan an gama tsinkar tattasai. Maina ya daina cin abinci sosai.

Mai gyaran kwamfuta ɗaya ne ya sani a garin, Abdullatif, ɗan Alhaji Kyari, ƙanin Asta, wanda ya yi shekara biyu a Yamai ya dawo da takardar shaida ya buɗe shago kusa da tasha. Ya zo ya kasa kunne, ya ce, "Dis-dur ɗin nan ya kusa tahiya lahira. Ina disketin porgaram ɗin?"

"Babu."

"To ba a sake zubawa ke nan. Sai dai a juye shi duka cikin wani, kamar a juye buhu a buhu, har da ƙurar gindi. In an gama, sabon zai tashi kamar shi ne tsohon, ba abin da zai ɓata. Amma tsohuwar nan taka ba ta karɓar na zamani. Sai ka nemo irin nata sak."

Maina ya bi ta Damasak ya shiga Maiduguri, ya kwana biyu yana bin rumfunan 'yan kayan gwanjo. Ya samo irinsa sak, kamfani ɗaya, girma ɗaya. Sai dai na hannu ne da ya sha duniya: duk jikinsa ƙarzuwa, takardar bayansa ta yage, gefe ɗaya har da tsatsa. Mai rumfar ya rantse lafiyarsa lau, ya gwada a gabansa, kuma gaskiya ya faɗa.

Ranar Alhamis aka ɗauki kwamfutar zuwa shagon Abdullatif, Maina ya rungume ta a bayan kabu-kabu. Alhaji Kyari ya zo da kansa, da dattawan ƙungiya biyu, don su ga aikin ɗansa. Aka kawo musu kujeru. Maina ya durƙusa a bakin ƙofa, kamar yadda ya saba a gaban surukinsa. Shekara tara bai taɓa cin abinci a gabansa ba, bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa haɗa ido da shi ba.

Abdullatif ya kwance akwatin kwamfutar, karo na farko tun da aka kawo shi. Disk ɗin ya fito fes, yana sheƙi, ko ƙura babu. Ya ajiye shi a kan tebur kusa da na Maiduguri. Babu wuta a lokacin, sai aka kira la'asar, duk suka tafi masallaci. Suna dawowa suka tarar wuta ta zo.

Abdullatif ya zauna, ya dubi disk biyun, ya ɗauki mai tsatsar ya jinjina shi a hannu. "Kai, tsohon nan ya sha wuya," ya ce. "Baba, ku duba yadda ya ƙare. Sa'a muka yi da ya kai yau." Ya haɗa shi a igiyar da ake juyewa daga gare ta. Mai sheƙin kuma ya sa shi a igiyar wanda za a juye a kansa.

Maina ya gani. Ya gani sarai. Da su biyu ne kawai, ai ƙanin mata abokin wasa ne, da ya fizge abin ya zage shi har da dariya. Amma ga Alhaji a zaune yana murmushi, ga baƙi biyu suna gyaɗa kai, kuma abin da zai faɗa shi ne ɗan Alhaji, mai takardar Yamai, bai iya bambance tsoho da sabo ba. Ya sunkuyar da kai, ya yi magana ƙasa-ƙasa yana kallon siminti.

"Malam Abdullatif, ko dai a sake dubawa?"

Abdullatif ya yi dariya. "Mijin yaya, kai buga takarda ka sani. Wannan aikin tekinisiya ne."

"Maina," in ji Alhaji, ba tare da ya waiwayo ba, "kowa da aikinshi. Bar shi ya yi."

"To, Baba."

Abin da ya ce ke nan, to, Baba. Na'urar ta yi tambaya, a ci gaba ko a fasa, Abdullatif ya danna a ci gaba. Wani shuɗin layi ya fara tafiya daga hagu. Soket ɗin yana dab da ƙafar Maina, ɗan yatsa ɗaya ya isa. Bai miƙa ba. Sai ya koma roƙon Allah a zuci ya sa a ɗauke wuta, wutar da ba ta taɓa cika awa ɗaya a unguwar ba tare da ta ƙifta ba. Ranar ko motsi ba ta yi ba. Minti arba'in layin yana tafiya, Alhaji yana ba dattawan labarin wahalar da yaron ya sha a Yamai.

Aka mayar da disk cikin akwati, aka kunna. Ta tashi da bugu ɗaya, dattawa suka ce masha Allah. Sai hoto ya bayyana: wasu Turawa huɗu da kare a cikin ƙanƙara, suna dariya, da rubutu a wani harshe da babu wanda ya iya karantawa a ɗakin. Abdullatif ya cire ya sa ɗayan. Turawan ne dai da karensu. Abin da ke cikin na Maiduguri ne aka juye a kan na fadama. Ya ɗago ya dubi Maina, Maina ya dube shi, kowa ya san abin da ɗan'uwansa ya sani.

"Tsohon ya riga ya mutu kahin a kawo shi," in ji Abdullatif. "Ba abin da ya rage a ciki."

Alhaji ya ce ikon Allah ne. Maina ya sa wa kwamfutar rigarta ya ɗauka.

Ranar taro, a inuwar makarantar ƙauye, Yusuf ya ce gonar gidansu ce, ga ma sunan ubansu a jikin turken siminti da porje ya kafa tun farko. Maina ya miƙe. Ya faɗi ranar da aka kawo marigayin ofis a amalanke, ya faɗi iyakokin saba'in da uku, kudu da arewa, gabas da yamma. Don kada a ce son kai ne, ya kama daga gona ta ɗaya yana jerowa da ka, suna, iyaka, ranar ruwa. Ya kai ta sittin ba kuskure ko ɗaya, duk wanda aka zo kan tasa sai ya gyaɗa kai. Kowa a wurin ya san gaskiya yake faɗa.

Sai Ɗanbaba ya dogara sandarsa ya tashi. Ya tsufa ƙwarai, ido ya kusa tafiya, amma muryar tana nan.

"Ɗana, ina ordinatar?"

"Ta lalace, Baba."

"To bakinka ne ke nan. Ni ma da baki na zo maka, har da shaidu uku. Me ka ce mini ran nan?"

Sai wani daga baya ya amsa masa da maganar nan da yara suka haddace. Aka aika aka ɗauko takardar nan mai gilashi, wadda ita kaɗai ce ruwa bai ci ba, aka karanta ta da ƙarfi, da sa hannun Maina Kolo a ƙasa. Aka koma ga turken siminti. Gonar ta shiga gado, Yusuf da ƙannensa suka riƙe bakin ruwa, aka yanka wa Tabawa da 'ya'yanta wani siririn yanki a can wutsiyar fadama, inda ruwa yake isa in ya ga dama.

Maina ya ajiye aiki a watan. Ba korarsa aka yi ba, kuma har yau yana durƙusa wa Alhaji a ranar sallah. Shagon Abdullatif ya bunƙasa, har ya ƙara ƙofa ta biyu.

Sau ɗaya Tabawa ta yi wa Maina maganar. Ta kawo ɗan buhun tattasanta kasuwa, rabi ne ma bai cika ba, ta tsaya a gindin bedin. Asta ce ta tsegunta mata, don a gida Maina ya kasa riƙewa.

"Ya Maina, an ce ka ga lokacin da Abdullatif ya ɗauki wanda ba shi ba."

"Na gani."

"Ka ce me?"

Ya daɗe yana kallon haruffan tafireta. "Na ce ko dai a sake dubawa."

"Ko dai a sake dubawa," ta maimaita a hankali. "Ɗiya huɗu, Ya Maina."

Ta ɗora buhun a ka ta wuce wajen masu awo, kuma tun daga ranar, in ta biyo ta gindin bedin, sannu da aiki take ce masa, irin wadda ake yi wa kowane mai buga takarda.