Ranar da na so in tura yayarta gwaji

Na ga abubuwa da yawa a shekarun da na yi a Jidda, kuma mafi yawansu sun bi iska. Amma abin da ya faru a gidana lokacin annobar korona, a makon da 'yata ta biyu za ta tafi gasar zari-ruga, yana nan daram a raina. Ba na jin zai fita har ranar da za a kai ni makwanci.

Ni mai sayar da tayoyi ne da kayan gyaran manyan motoci. Da dako na fara a tashar jiragen ruwa, ina saurayi, ba ni da kowa a garin. A hankali na samu rumfa, rumfa ta zama shago, yau ina loda kwantena zuwa Nijar da Cadi. Ban gaji komai ba, kuma ban taɓa cin haƙƙin abokin ciniki ba. Sai dai zan faɗi gaskiya: zaman baƙunta ya koya mini cewa kusan kowace takarda tana da ƙofar baya. Iƙama, wato takardar izinin zama, ta kusa ƙarewa, kafili, ɗan ƙasar da ya tsaya maka, ya yi tafiya, kaya sun maƙale a tasha, duk na san wanda ake gani da yadda ake magana. Da wannan wayon na rayu, har na riƙa jin cewa babu ƙullin da ba zan kwance ba.

'Yar tawa a Jidda aka haife ta, a gidanmu na Ammariyya. Hausarta rabi Larabci ce, kuma Abuya take ce mini, yadda 'ya'yan garin ke kiran uba. Na tura ta jami'a a ƙasarmu don ta san dangi ta gyara harshe, sai ta dawo hutu da wata ƙwallo mai siffar gwanda a cikin jaka. Ta ce zari-ruga take yi, irin na 'yan wasa bakwai-bakwai. Na kalli hoton wasan a wayarta, na ga mata suna kayar da juna kamar masu kokawa, na ce ban yarda ba. Ta nuna mini kayan da take sawa, ɗankwali ɗaure tam, dogon wando, riga mai dogon hannu. Ta ce, "Abuya, kai ka ɗauki buhu a kai shekara nawa? Ni ma ƙarfin nan naka na gada, ina zan kai shi?" Mahaifiyarta ta yi dariya ta shige kicin, na gane an riga an gama maganar ba da ni ba.

A wani hutun nata ne annoba ta sauka. Aka rufe filayen jirgi, aka hana fita, ta maƙale a gida tare da mu. Na zaci wasan ya mutu ke nan. Ina. Kullum bayan sallar asuba tana saman bene tana gudu tsakanin tankin ruwa da igiyar shanya. Ta roƙe ni tsohuwar tayar babbar mota, na sa aka hau da ita, ta riƙa kifa ta tana tayarwa har maƙwabcinmu na ƙasa ya aiko tambaya ko gini muke yi. Wata da watanni haka, ba fili, ba abokan wasa, ba ta ma san ko za a sake yin gasa a duniya ba. Ni da nake zaune ina ƙorafin kasuwa ta tsaya, na fara jin kunyar yarinyar nan.

Da aka fara buɗe hanyoyi sai kira ya zo. Mai horar da 'yan wasan mata na ƙasarmu ta sa sunanta cikin waɗanda za su je gasar ƙasa da ƙasa a wata ƙasar Afirka. Ba 'yan kallo, kuma kowace ƙungiya za a killace ta a masauki ɗaya. Karonta na farko ke nan da za ta sa rigar ƙasa. Mai horarwar ta gaya mata ƙarara cewa akwai wata yarinya da ke jiran gurbin, wadda saura ƙiris a ɗauke ta aka bar ta a gida. Sharaɗin hawa jirgi ɗaya ne: takardar gwaji da ke nuna ba ta ɗauke da cutar. Na yi mata bizar fita da dawowa, na sayi tikiti, na shiga gaya wa duk wanda ya zo shago, har waɗanda ba su tambaya ba.

Saura kwana uku tafiya, ranar Juma'a da hantsi, mahaifiyarta ta sa turaren wuta kamar yadda ta saba. Falo ya turnuƙe har ina tari. 'Yata ta fito daga ɗaki ta dubi kaskon ta ce, "Ummi, kin manta ba ki zuba turaren ba, gawayi kawai ke hayaƙi."

Muka dubi juna ni da uwarta. Ita ma ta ga yadda muka yi. Ta wuce kicin ta buɗe gwangwanin gahawa ta kai hanci, ta ɗauko man zafi ta shinshina. Sai ta ajiye a hankali, ta ɗauki takunkumi ta sa, ta koma bakin ƙofar ɗakinta ta tsaya. A lokacin kowa ya san abin da ɗaukewar jin ƙamshi ke nufi.

Ba ta da zazzaɓi, ba ta tari. Da safen nan ma ta yi gudunta. Kafin uwarta ta gama salati, kaina ya riga ya yi aikin da ya saba. Babbar 'yata tana aure a wata unguwa, wata guda ba ta zo gidan ba, lafiyarta ƙalau. Tsayinsu ɗaya, idanunsu iri ɗaya. A wurin gwajin da na sani, daga cikin mota ake yi: mace ta miƙa iƙama ta taga, niƙabi a fuska, ta ɗan ɗaga shi a sa mata tsinke a hanci, shi ke nan. Wa zai tsaya tantance 'yan'uwa biyu a layin motoci cikin zafin Jidda?

Na ce, "Kwantar da hankalinki, 'yata. Kawo iƙamarki. Gobe da safe zan ɗauki yayarki mu je, jibi takarda ta fito da sunanki. Kafin ranar wasa kin warke. Khalas, an gama."

Har ga Allah na faɗe shi ne ina jin daɗin kaina, irin daɗin da nake ji idan na fitar da kwantenar da kowa ya ce ba za ta fita ba.

Ta ce, "Abuya, ka san yadda muke fara wasa idan an yi laifi?"

Na ce ina ruwana da wannan yanzu.

"Mu uku muke sunkuyawa, mu rungumi juna, mu haɗa kai da kafaɗa da uku na wancan ɓangaren, mu yi ta turi. Ni ce ta tsakiya. Numfashin ta dama da ta hagu a fuskata yake, nawa a tasu. Mota ɗaya za mu shiga, tire ɗaya za mu ci."

Na ce duk yara ne masu jini a jika, ba abin da zai same su.

"Ko da bai same su ba. A can ma ana gwaji. Idan aka samu mutum ɗaya, duk wadda ta zauna kusa da ita an killace ta. Ana iya cire ƙungiyar gaba ɗaya. Kyaftin ɗinmu yaye ta yi don gasar nan, ta bar ɗanta wurin uwarta. In je in rushe mata?"

Raina ya ɓaci, don ban saba a mayar mini da dabara ba. Na ce, "Wata nawa kina kifa taya a saman bene? In kin bari wannan yarinyar ta sa rigar, kina tsammanin za ta cire ta ba ki?"

Na ga idanunta sun kawo ruwa a saman takunkumin, na ɗauka na ci nasara. Sai ta ce, "Na sani, Abuya. Wataƙila ba za ta cire ba."

Ta ciro waya a gabana ta kira mai horarwar. Ba ta shiga ɗaki ba, ba ta rage murya ba. Ta sanar da ita cewa hancinta ya daina jin ƙamshi, gobe za ta je gwaji, amma kada a jira sakamako, a kira ɗaya yarinyar yau don ta samu ta yi nata gwajin a kan lokaci. Wannan na ƙarshen ne ya fi tsaya mini. Ko kwana ɗayan da za ta iya riƙe gurbin tana fatan sakamako ya zo da sauƙi, ba ta riƙe ba.

Washegari na kai ta, ita da kanta, da iƙamarta. Sakamako ya nuna tana da cutar. Ni da uwarta aka gwada mu ba mu da ita, amma aka ce mu ma mu zauna a gida. Ta shiga ɗakinta ta rufe. Abinci a bakin ƙofa ake ajiye mata. Kwana biyu ban yi mata magana ba, ina fushi, kuma in aka tambaye ni da wa nake fushin ba zan iya faɗa ba.

Ranar da aka fara gasar, bayan azahar, na ji muryar mai sharhi tana fitowa daga ɗakinta. Na jawo kujera na zauna a baranda kusa da ƙofar, na ce ta turo mini inda ake kallo. Ta turo. Haka muka kalli gasar kwana biyu, ita a ciki, ni a waje, ƙofa a tsakaninmu.

Ban taɓa ganin fili irin wannan ba. Kujeru fayau, ba kowa. Saboda shirun, ana jin komai: kiran da suke wa juna, ƙarar haɗuwar jiki da jiki, hakin mai gudu. Masu jiran canji suna zaune nesa da juna da takunkumi, wani mutum yana goge ƙwallo duk lokacin da ta fita. Minti bakwai ne kowane rabi, amma na ga mata suna gudu kamar ana bin su da wuta, a kayar da mace ta tashi ta sake shiga. Ta bayan ƙofa 'yata take yi mini bayani: ba a jefa ƙwallo gaba sai baya, sai an dangwala ta a ƙasa bayan layi ake ci. Wayarta tana riga tawa da 'yan daƙiƙoƙi, don haka kafin in ga abu na riga na ji shi a muryarta. In ta ja tsaki, na san an kusa cin mu.

An ci mu sosai a wasan farko. Na biyu ma haka, sai dai da ƙyar. Na tambaye ta wace ce ta karɓi gurbinta, ta ce in duba ta tsakiya idan sun sunkuya. Wata gajeriya ce mai faɗin kafaɗa. Na zauna ina neman laifinta, ina so ta yi kuskure don a san an yi rashin 'yata. Ba ta yi ba.

A wasansu na ƙarshe, ana dab da tashi, sai na ji 'yata ta miƙe har kujerarta ta faɗi. "Yalla, yalla, ruga, kada ki waiwaya." A wayata ba a ma fara ba. Sannan na ga gajeriyar nan ta karɓi ƙwallo, ta ture ɗaya, ta biyu ta riƙe mata riga, amma gajeriyar ta ja ta har bayan layi ta dangwala ƙwallon. Da wannan suka ci wasan, shi kaɗai suka ci a gasar. Ɗakin 'yata ya cika da ihu da buga ƙofa, har uwarta ta fito da ludayi a hannu. 'Yata ta ci gaba da kiran sunan yarinyar kamar ƙanwarta ce. Can kuma ihun ya tsaya, na ji wani sauti daban, ƙasa-ƙasa. Na san kuka ne. Ban tashi daga kujerar ba.

Abin da na faɗa mata ranar Juma'ar nan ya tabbata. Yarinyar ba ta cire rigar ba. Shekara ta zagayo aka sake kiran 'yan wasa, babu sunan 'yata, kuma ba a sake kiranta ba. Ta gama karatu ta dawo Jidda, yanzu tana koyar da motsa jiki a wata makarantar 'yan mata. Na taɓa tambayarta ko tana nadama. Ta ce, "Yana yi mini zafi har yau, Abuya. Amma ni kaɗai yake yi wa."

Na daɗe ina juya wannan maganar. Shekara da shekaru ina auna dabara da abu ɗaya: za ta wuce ko za a kama? Tawa ta ranar nan da ta wuce, na tabbata. Abin da ban saba tambaya ba shi ne, in ta wuce, a kan wa za ta sauka? Ban san kyaftin ɗin nan ba, ban san ɗan da ta yaye ba, don haka ba su shiga tunanina ba. 'Yata ta san su, ta sa su a gaba, ta biya da abin da ta fi so a duniya. Har yau ni ɗan kasuwa ne, ina neman hanya inda hanya take. Amma tun daga ranar, duk lokacin da wata ƙofar baya ta buɗe mini, sai na tsaya na tambayi kaina wane ne a bayanta da ban gani ba. Da yawa na bar su a buɗe na wuce, kuma 'yar da na haifa ce ta koya mini hakan.