Fon Gaba da Gwiwar Inna Hajo

Har gobe ban manta ranar da muka sauke katkat ɗin Sule, motar nan mai ja da taya huɗu, daga kan kututture ba. Ku da kuka shigo garejin nan daga baya, kuna ganin motar tana wucewa da matakala a bayanta kuna dariya. To ku aje kile, ku bar kwance noti, ku ji asalinta.

Sule direba ne. Duk ranar kasuwar Dakoro shi ke ɗauko matan wani ƙauye da ke bayan Korahane, da ƙoren nononsu da cuku da man shanu. Motar ta tsufa amma injinta garau yake, ciwonta a gaba ne. Irin waɗannan ne da kowace tayar gaba ke da hannunta daban, da kardan, ƙarfen da ke juya tayar, cikin rigar roba. A kan kwalta daɗi gare su. A dajinmu kuwa, ƙaya ta yage robar, rairayi ya shiga, kardan ya ci kansa. Sau biyu tana kwanta musu a hanya, suna isowa kasuwa ta watse. Sai Inna Hajo, wata dattijuwa da matan ba sa ƙetare maganarta, ta ce mishi in an yi na uku za su koma wata mota.

Ya zo mini idonsa ja. "Shef, in matan nan suka bar ni, tukunyata ta sauka."

Na ce mishi faci ya ƙare, mu cire gaban ɗungurungum mu sa mata fon. Ga wanda bai sani ba, fon shi ne ƙarfen nan guda mai haɗa tayoyi biyu, irin na baya. Ba shi da roba a waje, ba ruwansa da ƙaya. Muka samo na wata tsohuwar mota wurin masu sayar da kayan mushen motoci a Maradi, ana gab da faɗuwar damina.

Aikin ba na gaggawa ba ne. Kafin mu taɓa komai sai da na sa alli na ƙirga juyin fon ɗin, na gwada da na baya. In juyinsu ya saɓa, ranar da ka sa katkat don tayoyi huɗu su ja tare, gaba da baya za su yi ta kokawa har wani abu ya karye. Sannan Abdu mai walda ya yanke tsoffin hannuwan, muka ja zare kusurwa zuwa kusurwa, ya liƙa mazaunin lam, wato ƙarafan nan masu lanƙwasa da ke ɗaukar nauyi. Muka ƙara tsawon tiyon birki, muka gyara sandar sitiyari. Da gaban ya tashi, dole muka ɗaga bayan don su daidaita.

Da ta sauka ƙasa, kai! Ni kaina sai da na zagaya ta ina murmushi. Muka kai ta tudun rairayi ta haye ko tari ba ta yi ba. Abdu ya ce ko Agadas za ta, ba ta jin komai. Ranar kasuwa na ce da ni za a je, ina so in ji yabo da kunnena.

Mun iske matan ƙarƙashin aduwa da kayansu. Can gefe ga wata mota ta tsaya, direbanta ya ji labari, ya zo jiran gawon shanu. Inna Hajo ta taso tana dogara sanda. Ta zagaya motarmu, ta tsaya a baya, ta ɗaga ƙafa. Ina! Ko kusa ba ta kai ba. Ta juyo ta dube ni sama da ƙasa.

"Kai ne maƙerin?"

"Ni ne, Inna."

"Mota aka ce ka gyara, ko rumbu aka ce ka gina?"

Matan suka kwashe da dariya. Sule ya rikice, ya ce, "Inna, bari in ɗaga ki."

"Ka ɗaga ni? Buhun hatsi ce ni? Da jikokina, in tattare zane a gaban maza?" Ta ɗauki ƙwaryarta ta juya wajen ɗayar motar, sauran suka fara naɗa gammo.

Duk awon da na yi da zare da alli, ban taɓa tambayar wa zai hau ba. Na ruga na kwanto tayar sakur, wato safaya, na gangaro da ita na kwantar a bayan mota, na ɗora kirik na katako, wato jak, a kai.

"Inna, don Allah ki taka nan. Yau kaɗai."

Ta dubi tayar. Sannan ta miƙa wa wata mata ƙwaryarta, ta taka, ta kama ƙarfe, ta haye. Da ta zauna ta gyara mayafi ta ce, "Yau kaɗai, maƙeri. Ka ji da kyau." Sauran suka biyo ta ɗaya bayan ɗaya.

Hanya kam motar ta yi abin da aka sa ta. Kwarin da ya saba cinye mu ta ratsa shi ba ko tsayawa, muka shiga Dakoro masu rumfa ba su gama shimfiɗa ba. Kafin azahar nononsu ya ƙare.

Da la'asar sai ga Inna Hajo a bakin garejin nan, ba wanda ya kira ta. Ta ce ta zo a auna. Ta dafa ƙofar garejin, ta ɗaga ƙafa iyakar inda gwiwarta ta yarda ba tare da zane ya motsa ba, Abdu ya durƙusa ya ja alli a jikin ƙofar. Da wannan awo muka yi matakala hawa biyu, da tsoffin hannuwan da muka cire daga gaba. Ta hau ta sauka, ta sake hawa. Ba ta ce ya yi ba. Ta dai kwance ƙullin mayafinta ta aje mana cuku a kan tebur, ta ce mu ci, mun rame.

Shekaru ke nan, fon ɗin bai taɓa dawo mana ba sai don mai. Matan suna nan motar Sule, har na ƙauyen gaba sun dawo wurinsa. In ka tambaye su dalili, ba wadda za ta ce maka fon. Cewa suke motar mai matakala.

Shi ya sa nake fusata in ɗayanku ya ce mini ya gama aiki don injin ya tashi. Mu ƙarfe muke kallo, masu shiga kuwa jikinsu da mutuncinsu suke kawowa. Ku dubi jikin ƙofar can, ƙasa kaɗan da sakata. Ɗigon waldar nan da kuke tsammani kuskure ne, ni na sa Abdu ya ɗiga shi a kan allin don kar ya goge. Duk motar da za mu ɗaga a garejin nan, sai an fara auna ta da gwiwar Inna Hajo.