Tsohon Injin Malam da Buhunan Gyaɗata

Matso nan ki ji, 'yar'uwa, ba na so maganar ta tsallaka katanga. Maigidana kafinta ne, shagonsa manne yake da ɗakina, bango ɗaya ne tsakaninmu. Ban yi nisa a boko ba, amma Allah ya ba ni kunne. Ina tankaɗe ina jin duk abin da ake yi a shagon nan kamar a gabana.

Injin yankan katako biyu gare shi, irin mai siririn zarton nan da ke zagayawa kamar bel. Da tsohon ya fara sana'a. Tun da ya sayo sabo a Kano, tsohon ya zama wurin rataye hula.

A wajenmu gona ta haɗe da gona, gida ya haɗe da gida, ba inda za ki ƙara ko rumfa. Shekarar da gyaɗata ta yi kyau sai buhuna suka rasa wurin zama, ga ruwan ƙarshen damina bai gama ɗaukewa ba. Lungun da tsohon injin yake ne kaɗai mai daɓen siminti, kuma ba ya yoyo.

Na ce, "Malam, ka sayar da tsohon nan mana, in samu inda zan jera gyaɗata kafin ta jiƙe."

Ya ce, "Ke ba ki san aikin ba. Sabon na tsaga katako, tsohon na fitar da lanƙwasar kan gado. In ɗaya ne, kullum ina cikin kwance zarto da ɗaura wani."

Na ce, "Ni dai rabon da in ji muryarsa tun kafin azumi."

Washegari da hantsi sai na ji janareto ya tashi, tsohon ya kama gurnani. Kashegari ma haka. To amma inji in yana cin katako kukansa sauka yake yi, ya yi nishi, ya sake ɗagawa. Wannan kuwa kuka ɗaya ne miƙaƙƙe, ba hawa ba sauka. Rana ta uku na ɗauki kunu na kai masa da kaina. Na tarar da shi a kan benci, ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana ɓarar gyaɗar tawa yana ci, inji na ta juyi shi kaɗai.

Na ce, "Sannu da aiki, Malam. Iskar tana yankuwa kuwa?"

Ya tashi ya kashe, bai yarda mun haɗa ido ba. A ranar ya aika wa wani kafinta a Gezawa cewa ya zo ya sayi tsohon.

Mutumin ya zo da kurkura, babur ɗin nan mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ni kuwa na kafa kujera a jikin bango. Na ji Malam yana cewa, "Ka sani fa, yana tsinka zarto. Tayarsa ta sama tana rawa. Ga shi da taurin tashi."

Baƙon ya yi dariya ya ce, "Malam, sayarwa za ka yi ko kushewa? Ba komai, duk zan gyara."

Sai na ji tafin hannu yana share teburin injin a hankali, ya share, ya sake sharewa. Can Malam ya ce, "In za ka ɗora shi, a shimfiɗa masa tsumma. Ba ya son girgiza." Muryar nan na san ta. Sau ɗaya na taɓa jin ta, ranar da aka kai babbar 'yarmu ɗakinta.

Na ƙwanƙwasa bangon da ludayi, Malam ya shigo yana kallon ƙasa. Na ce, "Ka ba bawan Allahn nan haƙuri, ga kwanon gyaɗa biyu ya kai wa iyali. A bar tsohon."

Ya ce, "To gyaɗarki fa?"

Na ce, "Ai ɗakina ba ya yoyo sosai."

Haka buhunan suka tare a ɗakina har rani, sai na haura biyu kafin in kai gado, ɓeraye kuma suka ɗebi rabonsu. Tsohon injin yana nan a lungunsa, har yau bai yanka ko tsinke ba. Ke da kika ji, in ke ce, da kin bari an ɗora shi a kurkurar nan?