Majvor da Sabulun da Ya Ƙi Sulhu

Kafin motar 'yan makaranta ta wuce, Majvor Brännlund ta riga ta buɗe kicin ɗin tsohuwar makarantar ƙauyenmu, ta ɗora kofi, ta sa safar hannu, ta maƙala tabaran kariya a goshi. Sai ta bi kantocin da sabulu ke shan iska tana juya su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya shigo da tambaya, ta ba shi amsa. Wanda ya shigo da gulma, ta ba shi tukunya ya wanke. Ni na wanke tukwane da yawa.

Haka take tun ina da gashi a kai. A ƙarshen watan nan za ta ajiye mabuɗi, domin yatsunta sun fara yi wa wuƙa gardama, shi ya sa ƙungiyar ƙauye ta ɗora mini rubuta wannan jinjina. Ni ne shugaban ƙungiyar. An zaɓe ni ne ranar da ban je taro ba.

Duk gidan da ake haɗa sabulu a kwarin nan, a hannunta aka koya. An sha ganinta cikin dusar ƙanƙara tana tafiya ceton tukunyar da ta daskare wa wata tun ba a juye ba, ba ta taɓa karɓar abin da ya wuce kofi ba, shi ma sai ta kushe shi. Amma abin da ya faru bara da awakin Helmer Näslund shi ne ba na so ya ɓace a bakin masu ƙara gishiri, tunda ni ma ina cikinsu.

Helmer tsoho ne, matarsa ta rasu, awakinsa ne abokan hirarsa. A da cuku yake yi, har bayansa ya daina ɗaukar tukunya, madara ta koma ana zubarwa. 'Yarsa Ylva, mai aikin jinya a birni, ta ce wahalar ta isa: motar mahauta za ta zagayo a farkon sanyi, a kwashe awakin, shi kuma ya dawo kusa da ita. Helmer ya ce shi ba kujera ba ne da za a ɗauke shi a sauya masa ɗaki. Bayan doguwar jayayya suka tsaya a kan magana ɗaya. Otal ɗin da ke kan dutse yana neman sabulun madarar akuya don ɗakunan baƙi. In matar da ke saya wa otal ɗin kaya ta gani ta karɓa, awaki sun sami aikin yi, su zauna. In ta ƙi, mota.

A lokacin Majvor tana asibiti, ana sauya mata ƙashin ƙugu. Muka ce ai mun sha kallonta tana yi, me zai gagara?

Zubin farko ya kwana, muka juye shi daga akwatin katako muka yanka. Gefe fari tas, amma a tsakiyar kowane yanki ga wata baƙa-baƙar da'ira kamar ido. Helmer ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce abin nan kallonsa yake yi, a kife shi.

Muka yi abin da muka iya, wato muka kira taro. Sixten, shugaban mafarautanmu, ya ce sanyi ne ya kama sabulun, mahaifiyarsa da bargo take lulluɓe nata. Gunvor mai kanti ta ce zafi ne ya yi masa yawa, a fitar da shi waje. Kowa ya san mu a ƙasar nan, ba ma son a tashi taro da wanda aka kayar. Kalmarmu ta gado ita ce lagom, kada a yi yawa, kada a yi kaɗan, da ita muke zuba madara a kofi, da ita muke zaman aure. Don haka na kawo shawarar da aka tafa mini: a rufe akwatin da tawul ɗaya marar kauri, a ajiye shi a zaure, inda ba ɗumi ba sanyi. Sixten ya ji an ji tasa, Gunvor ma haka.

A zubi na biyu idon ya fito fiye da na farko, har da kyakkyawan zagaye. A taro na biyu muka rage tawul ɗin zuwa rabi.

Ganye ya gama zuba, ranar zuwan matar otal ta matso, Helmer ya daina zuwa shan kofi. Gunvor ta ce ta gan shi yana goge wa awakin jiki kamar mai shirya su tafiya. A ranar da muka yi zubi na uku ne aka sallamo Majvor. Ba ta ma tsaya hutawa ba. Washegari da safe sai ga ta a kicin da sanduna biyu, ta ɗauki yanki ɗaya daga cikin tsofaffin ta ɗaga shi a hasken taga.

"Wa ya ce a ajiye shi a zaure?"

Kowa ya dubi silin. Na ce ƙungiya ce ta yanke.

"Ƙungiya. To Shugaba, ka gaya wa ƙungiya sabulu ba ya zuwa taro."

Ta zaunar da mu kamar 'yan aji ɗaya. Ta ce idan soda ta haɗu da mai, ƙullun yana yin zafin kansa, kuma daga tsakiya yake farawa, ya yi laushi ya yi duhu, ya riƙa bazuwa zuwa gefe. In an bar zafin ya kai bango, launi ya zama ɗaya. In an hana shi tashi tun farko, nan ma launi ɗaya, fari. Amma in ya taso sanyi ya tare shi a hanya, inda ya tsaya nan ne bakin idon. Sabulun lafiyarsa ƙalau, zai yi wanka, muni kawai gare shi. Madara kuwa tana da zaƙi, zaƙi yana ƙara wuta.

Sixten ya ce ashe shi ne da gaskiya. Gunvor ta ce a'a, ita ce.

"Ku duka kuna da gaskiya, shi ya sa da ɗayanku ya yi taurin kai da an huta. Wannan mai sulhun ne ya kashe ku."

Ta nuna ni da sanda. Tun ina makaranta ba a taɓa ambaton baiwata a bainar jama'a ba.

Daga nan ba ta sake neman ra'ayin kowa ba. Zubin jiya da ke zaure, ta sa aka kai shi ɗakin surace na Helmer bayan wuta ta mutu, aka naɗe shi da barguna, ita kuma ta zauna a ƙofa tana leƙawa kada zafi ya tsaga shi, har duhun ya bazu ya taɓa kowace kusurwa. Sabon zubi kuma ta ce sanyi za a yi masa tun daga tushe. A daskarar da madarar, a riƙa barbaɗa soda a kanta kaɗan-kaɗan, a bar babban akwati a koma faranti marar zurfi, ana juyewa a sa a firiza.

Firizar da za ta ɗauka guda ce a ƙauyen, ta mafarauta, kuma an cika ta da naman farautar kaka. Sixten ya ce sai dai a bi ta kan gawarsa. Majvor ta ce babu laifi, akwai wuri a firizar in an kwashe naman. Kafin azahar Sixten da kansa yake bin gidaje yana raba ajiya, kuma makon nan har karnuka sun ƙoshi.

Da aka fito da farantan, ta hana a taɓa su sai da suka huce suka yi ƙarfi. Helmer ta miƙa wa wuƙa. Ya yanka, ya duba, ya sake yanka wani daga can tsakiya inda idon ya saba zama. Fari daga baki har baki. Na ɗakin surace kuma ya fito ruwan zuma, babu tabo ko ɗaya.

Matar otal ta zo, Ylva ma ta zo. Majvor ta faɗa mata gaskiya, cewa sabulun bai gama bushewa ba, sai ya ƙara shan iska kafin ya taɓa jikin baƙo. Matar ta jujjuya farin, ta shinshina mai ruwan zumar, ta tambaya wanne ne na sayarwa. Da aka ce ta zaɓa, sai ta ce duka biyun take so, kuma za ta jira.

Ylva ta fita waje da wayarta. Ta taga muka ji tana gaya wa mai motar mahauta kada ya biyo ta gidansu. Da ta dawo idonta ya yi ja.

"Baba, ka ci. Amma a ba ka mai taya ka tatsa."

"Ai ba ni na ci ba," in ji Helmer. "Ni kuka kawai na iya."

Ke ce, Majvor. Ke ce kika taso daga gadon asibiti kika tsaya tsakanin tsoho da motar mahauta da sanduna biyu. Soda mai ƙuna, mai fitar da tsabta. Ba ki taɓa lallashin kowa ba, ba ki kuma taɓa barin tukunyar kowa ta lalace ba. Mun gode, da bakin waɗanda kika koyar da na waɗanda kika zaga, kuma yawanci mutanen ɗaya ne.

Ku kuma matasan kwarin nan, ta ce duk Asabar tana gida, bakinta bai yi ritaya ba. Ku je ku koya tun tana iya yi muku faɗa, ku kuma koyi tashi don matsalar da ba taku ba.

Awakin Helmer sun haihu da bazara. Shekaranjiya suka tsallake shinge suka cinye mini furannin da matata ta fi so. Na tsaya a taga ina kallon su suna ci, ban kore su ba sai da suka ƙoshi.