Hoton Kakana a Akwatin Bature

Akwai wata Laraba da har in koma ga Mahaliccina ba za ta bar raina ba. Lokacin ina koyar da kimiyya a wata sakandare a Gaithersburg ta Amurka, darasinmu ya zo kan cututtukan da ƙwari ke yaɗawa. Na gaji da zanen littafi, sai na nufi wata ma'adanar tsofaffin takardu a Washington, in samo wa ɗalibaina abin da za su gani da idonsu.

Ma'aikaciyar wurin, wata dattijuwa mai fara'a, ta turo mini akwatin wani likita Bature da ya yi bincike kan ciwon barci a Arewa zamanin mulkin mallaka. Ina cikin buɗe takardu sai ga hoto: wani mutum ya duƙa kan madubin likita, hannunsa na hagu yatsu huɗu. Kakana ne Malam, da wannan hannun na gane shi. Tun ina ƙarama nake jin yadda ya yi shekaru yana bin kurmi yana kama ƙudan tsando, yana duba jinin marasa lafiya. Gefen shafukan ma duk ajaminsa ne. A bayan hoton kuwa abin da aka rubuta kawai shi ne "mataimaki ɗan ƙasa".

Na roƙe ta a sa sunansa. Ta ce, "Zan so haka, amma sai kin kawo shaida a rubuce."

Ina fitowa na kira ƙanen mahaifina a gida. Bayan gaisuwa na ce, "Baffa, ina adakar takardun Malam?"

Ya ce, "Ayya 'yar nan, ai gara ta ci rabi. Da za mu yi ginin bulo muka ƙone sauran. Wa zai karanta su?"

Na daɗe tsaye a bakin titi, na rasa wanda zan ji haushi.

Washegari na nuna kwafin hoton a aji, na rubuta sunansa a allo da manyan baƙaƙe. Ana kaɗa ƙararrawa malamin lissafi ya shigo ya goge.

Har yau abin na ci mini rai. Su sun adana aikinsa sun yar da sunansa, mu da muka riƙe sunan mun ƙone aikin. Daga nan na gane cewa duk wanda bai killace takardun gidansu ba, wani ne zai ba da tarihinsa yadda ya ga dama.